Gurasar da Mahaifiyata Ba Ta Ci Ba

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a gidan haya a Tudun Wada, wani abu ya faru tsakanina da mahaifiyata wanda ban taɓa rubutawa ba sai yau. Ba rigima ba ce. Ko murya babu wanda ya ɗaga. Amma kwanan nan abin yana yawan dawo mini, shi ya sa na ce bari in faɗa muku ko zan ji sauƙi.

Na san da yawa daga cikin masu karanta ni ba Kiristoci ba ne, don haka bari in ɗan yi bayani. Akwai abin da muke kira jibin Ubangiji. Shi ne lokacin da masu bi suke cin ɗan gutsuren gurasa, su sha ɗan jan abin sha a ƙaramin kofi, don tunawa da mutuwar Almasihu. Abu ne mai nauyi ƙwarai a wurinmu. A ɗarikarmu ba kowa ke bayar da shi ba, sai faston da aka naɗa, wanda muke kira Rabaran, kuma ba a naɗa mace. Cocinmu ƙarami ne a lokacin, fastonmu ba a naɗa shi ba tukuna. Rabaran ɗaya ne yake zagaya coci-coci da yawa har da na ƙauyuka, sai ya yi wata biyu kafin ya iso kanmu. Ranar da ya zo, ranar ake jibi.

Mahaifiyata ce take gasa gurasar. Tun kafin a haife ni take yi. Duk Asabar ɗin da gobenta za a yi jibi, da hantsi za ta yi wanka, ta ɗaura zane mai tsabta, ta sauko da wani kasko da ba a taɓa soya komai a cikinsa ba. Fulawa, ruwa, ɗan mai, ɗan gishiri, shi ke nan, ba a sa yis. Ta murza da kwalba har ya yi fale-fale, ta gasa a kan gawayi, ta yayyanka ƙanana kamar farcen babban yatsa. Abin shan kuwa zoɓo ne, ba citta ba kanumfari. A wurin Hajiya maƙwabciyarmu take saye, ita kuma ta riga ta san lokacin. Sai ka ji ta ta kan katanga: “Maman coci, ga naki na ware miki, baƙin ne, na tsince shi tas.”

Muna yara mukan kewaye ta muna jiran gefe-gefen da ta yanke. Tana ba mu. Ta ce kafin a yi addu’a a kai, gurasa ce kawai. Amma ita ba ta taɓa sa ko ɓurɓushi a baki ba. Gishirin ma da ido take auna shi. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, “Ba na so bakina ya saba da ita. Ina so duk ranar da na ci a teburin Ubangiji in ji ta sabuwa.” Babu wanda ya kafa mata wannan doka. Ita ta ɗora wa kanta.

Ranar Lahadi da safe za ta ɗauki tiren a ka, a rufe da farin ƙyalle, ta kai har bakin ƙofar ɗan ɗakin da ke bayan mumbari. A nan dattawan ikkilisiya, wato shugabannin jama’ar coci, za su karɓa. A bakin wannan ƙofa aikinta yake ƙarewa. Ta koma ɓangaren mata ta zauna, ta jira a kawo mata kamar kowa. Ita ce shugabar zumuntar mata, wato ƙungiyar matan coci. Su ke sharar coci, su ke gaida marasa lafiya, su ke girki in an yi rasuwa, kuma in ka leƙa ranar Lahadi su ne suka cika benci-benci. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan ƙofar nan ba. Ni ma ban taɓa ganin wani abu a ciki ba. Haka muka taso muka tarar.

A farkon daminar wata shekara hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙannena suna makaranta, ni ce a kanta. Jibi biyu suka wuce ta. Na farko tana kwance a asibiti. Na biyu tana gida, amma Rabaran ana tashi daga sujada, wato taron ibadarmu na Lahadi, ya wuce wani ƙauye don kada rafi ya cika ya tare shi, babu kuma wanda ya tuna ya ce masa akwai marar lafiya.

Wata Litinin ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta ce, da bakinta da ya karkace, “’Yar nan, ina marmarin jibi.”

Na ce, “To Mama, zan faɗa.”

Ta ce, “Wata huɗu ke nan.” Ba ta ƙara ba. Ita ba mai yawan roƙo ba ce.

A tsarinmu saƙo irin wannan ba ya tsallake kowa. Kai ka faɗa wa dattijo, dattijo ya faɗa wa fasto, fasto ya faɗa wa Rabaran. Budurwa irina ta ɗauki waya ta kira Rabaran kai tsaye, rashin tarbiyya ne, ko da yake lambarsa tana nan a jikin kalandar coci da ke rataye a ɗakinmu. Washegari na hau keke har Kwangila, gidan babban dattijonmu. Mutumin kirki ne, ina so a san da wannan. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Malama, Rabaran yana zuwa Lahadi ta uku daga wannan. Ana tashi daga sujada ni da kaina zan rako shi gidanku.”

Na ce, “Baba, jikin nata ne nake ji.”

Ya ce, “Allahn da ya riƙe ta zuwa yau shi zai riƙe ta. Mutumin nan shi kaɗai ne a kan coci da yawa, kada mu ɗora masa. A yi haƙuri kaɗan.”

Na durƙusa na yi godiya, na dawo. Har ina jin daɗin kaina a cikin keke, wai na bi hanya yadda ya kamata. Malama suke ce mini saboda ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Sakandare kawai na gama, amma sunan ya shiga kaina sosai a lokacin.

Ranar Alhamis da yamma matan zumunta suka zo gaishe ta, su bakwai, cikin zanensu iri ɗaya. A cikinsu akwai aminiyar mahaifiyata, wadda muke kira Gwaggo. Ƙauye ɗaya suka fito, tare aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Ita ce mai buga tulu in suna waƙa, tana sayar da waina a bakin titi, kuma bakinta ba shi da birki. Bayan an yi addu’a an yi waƙa ɗaya, Gwaggo ta tambayi Mama me take so a kawo mata. Na riga ta amsawa, na ba su labarin zuwana Kwangila.

Gwaggo ta ce, “Lahadi ta uku?”

Na ce, “I, Gwaggo.”

Ta tashi ta fita. Can sai ga ta da fulawa a leda, da zoɓon da ta karɓo a wurin Hajiya. Ta dangwara mini a cinya ta ce, “Tashi ki hura gawayi, Malama. Uwarki tana kwance, ke ko gurasar ba ki iya ba. Yau za ki koya.”

Na san inda aka dosa. Na yi kamar ban sani ba.

Muka jawo kurfoti bakin ƙofar ɗaki yadda Mama za ta riƙa gani daga kan gado. Tana kwance tana ba da umarni: ruwan ya yi yawa, ƙara murzawa, rage wutar. Ta farkon da na sauke ta yi kauri, gefenta ya ƙone. Gwaggo ta ɗaga ta sama tana nuna wa mata ta ce, “Jama’a, wannan gurasa ce ko tafin takalmi? Wanda ya ci wannan ai sai dai ya tuba da gaske.” Ɗaki ya kwashe da dariya. Mama ma ta yi, da rabin bakinta, har hawaye ya gangaro mata cikin kunne. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta faɗi. Ta biyu ta yi kyau. Mama ta karɓa da hannunta mai lafiya, ta ɗaga ta wajen haske, ta ce, “Ta yi.”

Gwaggo ta jawo kujera ’yar tsugunne gaban gado, ta shimfiɗa farin ɗankwali a kai. Ta jera gurasar da na yanka a faranti, ta zuba zoɓo a kofin shayi. Dariya ta ɗauke. Sannan ta ɗauko Littafi Mai Tsarki da ke ƙarƙashin matashin Mama ta miƙo mini.

Ta ce, “Ke ce mai karatu a cikinmu. Buɗe wurin da Rabaran yake karantawa. Ki karanta, mu yi addu’a, ki ba uwarki.”

Na karɓa. Na san wurin, ko ido rufe zan buɗe shi. Amma hannuna ya ƙi.

Dole in faɗi abin da ke raina a lokacin, in ba haka ba labarin bai cika ba. A cocinmu wanda ya taka doka ana sa shi ƙarƙashin horo. A kira sunanka a gaban jama’a, a mayar da kai bencin baya, a hana ka jibi da kowane aiki har sai dattawa sun gamsu. Wadda take ƙarƙashin horo ba a ɗaura mata aure a coci. Ni kuwa saura wata huɗu bikina. Ga matar wani dattijo tana zaune a ɗakin, kanta a sunkuye. Ban ce babu tsoron Allah a cikin abin da na ji ba, akwai. Na gaskata cewa abin nan mai tsarki ne, ba a wasa da shi. Amma in zan auna, bencin baya ya fi yawa.

Na ce, “Gwaggo, ba a naɗa mu ba.”

Ta ce, “Wa ya kwaɓa?”

Ta matso gabana.

“Ina tambayarki. Wa ya kwaɓa, wa ya gasa? Shekara nawa matar nan tana ƙona yatsunta a kan kaskon nan? Kofunan wa ke wanke su? Miƙawar ce kawai ta fi ƙarfinmu?”

Na ce, “Tsarin ikkilisiya ne, Gwaggo.”

Ta ce, “Ranar da za ki fito duniya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu mota. Wa ya naɗa ni na yanke miki cibiya?”

Wata daga cikin matan ta ce a hankali, “Ki bi ta sannu, yarinya ce.” Wata kuma ta ce ita gaskiya gabanta yana faɗuwa, gara a jira. Ba duka suke tare da Gwaggo ba. Amma babu wadda ta tashi ta fita.

Na dubi Mama ko za ta ba ni alama. Ba ni take kallo ba. Farantin take kallo. Har yau ina ganin wannan kallon, kuma ban da kalmar da zan kwatanta shi da ita.

Na rufe Littafin na ce, “Mu jira Rabaran. Saura mako biyu da ’yan kwanaki.”

Ana jin tafasar ragowar zoɓo a kan wuta. Sai Mama ta ce, “Ku ƙyale ta. Yarinyar ta yi gaskiya. Ba aikinmu ba ne.” Ta huta kaɗan, don magana tana gajiyar da ita, sannan ta ce, “Ku ci abinku kada ya lalace. Abinci ne.”

Ɗaya daga cikinsu ta yi irin addu’ar da ake yi a kan tuwo, aka zagaya da farantin, kowa ta ɗauka don kunya. Gwaggo ta ɗauki guda ta kai bakin Mama. Ta ce, “To ci ko a haka.” Mama ta kau da kai wajen bango ta ce, “Kin san ba na ci sai a teburin.”

Gwaggo ta mayar da shi faranti. Ta ɗauki tulunta, ba a yi waƙar rufewa ba. Na raka su zaure. Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya, ba tare da ta ɗaga murya ba ta ce, “Allah ya ba ki zaman lafiya a gidan mijinki, Malama.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mama ba ta sake tayar da maganar ba. Kullum da safe dai takan tambaye ni yau wace rana ce.

Ranar Laraba ta mako mai zuwa ciwon ya sake bugunta. Magana ta tafi, haɗiya ta tafi. Ko ruwa aka ɗiga mata da cokali sai ya dawo ta gefen baki. Babban dattijo ya zo da rana, yana ganinta jikinsa ya yi sanyi. A gabana ya ciro waya ya kira Rabaran. Kafin la’asar sai ga shi a kan acaɓa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya zauna a tsakar gida yana jira na sake gasa wata gurasar, ba mai gyara mini.

Ya yi duk abin da ake yi. Ya karanta wurin, ya yi addu’a. Da ya ga ba za ta iya ci ba, sai ya sa gurasar a tafin hannunta ya naɗe yatsunta a kai, ya tsoma cokali a zoɓon ya jiƙa mata leɓe. Idonta a buɗe yake. Ko ta san abin da ake yi, ko ba ta sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Da zai tafi na raka shi ƙofa. Ya ce, “’Yata, tun yaushe ta nema?”

Na ce, “Kwana tara ke nan, Baba.”

Ya tsaya da hular acaɓa a hannu ya ce, “Me ya hana ki kira ni?”

Na ce, “Na bi ta hannun dattawa.”

Ya ce, “Makon jiya duk ina cikin gari. Da na zo.” Ba faɗa ya yi mini ba. Kamar da kansa yake magana.

Ta rasu ranar Juma’a da safe.

Ban gaya masa abin da ya faru ranar Alhamis ba. Cikin matan nan bakwai babu wadda ta fitar da maganar, har matar dattijon. Aka yi bikina a kan lokacinsa, a coci, da farar riga. Gwaggo ce ta tsaya mini a matsayin uwa, ita ta buga tulu har hannunta ya kumbura. Sunana bai taɓa zuwa gaban dattawa ba. Abin da na tsare, na same shi cif.

Ban rubuta wannan don in zargi kowa ba. Har yanzu ina cocin, a ɓangaren mata nake zama. Dattijon nan ya rasu, kuma na yi kuka a jana’izarsa da gaske. Nakan ga ana muhawara a nan a kan ko ya dace a naɗa mata ko bai dace ba, kowane ɓangare da ayoyinsa. Ni ba ni da karatun da zan raba wannan gardama. Sau ɗaya na je bikin wata ’yar’uwa a wani gari, a wata ɗarika dabam, na ga mace da farar kwala irin ta Rabaran a wuya tana ba da jibi. Ban ji haushi ba, ban kuma ji murna ba. Hannunta kawai na riƙa kallo. Akwai tabon ƙunar mai a bayan hannun, irin na kowace mace mai shiga kicin. Aka zo kan layinmu na kasa tashi.

Abu ɗaya dai ya canza a wurina, kuma ƙarami ne. In marar lafiya ya nemi abu, ba na ce masa saura mako biyu. Ina kiran duk wanda ya kamata a kira, ko wane ne shi, a ranar. An taɓa ce mini marar kunya a kan haka. Na karɓa.

Bara na je gaida Gwaggo. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta daina waina. Muna zaune a tabarma na yi mata tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita. Na ce, “Gwaggo, ranar nan da Mama ta ce na yi gaskiya, har zuciyarta ta faɗa, ko rufa mini asiri ta yi a gaban mutane?”

Ta juyo da fuskarta inda take jin muryata. Ta ce, “Tun muna ’yan mata nake tare da uwarki. Ban taɓa jin ta yi ƙarya ba. Ban kuma taɓa ganin ta bari an kunyata ’yarta a gaban kowa ba. Sai ki zaɓa.”

Na ce, “Ke me kike gani?”

Ta ce, “Ni na riga na faɗi nawa tun ranar. Miƙo mini butar can.”

Ban zaɓa ba har yau. Wata rana nakan ce ta yarda da tsarin fiye da mu duka, da na karanta ma wataƙila ba za ta ci ba. Wata rana kuma in tuna yadda take kallon farantin. Ita kaɗai ce za ta iya faɗa mini, kuma da zan samu ko minti biyar da ita, ba gafara zan fara nema ba. Zan zauna a bakin gadon ne in ce, Mama, da na karanta, da kin ci?